Maƙalolin ɗalibai a kan baƙin murjani: ta ina ya kamata a fara gyara?

MalaminHalitta_Yamai:
Assalamu alaikum. Ina koyar da ilimin halittu a wata lise a nan Yamai, kuma a zangon da ya wuce na ba ɗaliban ajin ƙarshe aikin rubuta maƙaloli da Hausa a Wikipedia a kan halittun teku. Rukuni guda ya ɗauki baƙin murjani, wanda masana ke kira Antipatharia, suka rubuta babbar maƙala ɗaya da ƙanana shida a kan wasu nau'o'insa. Yaran sun yi ƙoƙari matuƙa, domin akwai waɗanda da kuɗin kalacinsu suka riƙa sayen kiredi don su yi aikin. Sai dai da na zauna na karanta a natse, na tarar jimlar farko ta babbar maƙalar tana cewa baƙin murjani tsiro ne baƙi mai fitowa a gindin teku, wata maƙalar ta ce dutse ne, an ba da shekarunsa 4,265 a wani wuri da 2,000 a wani wurin ba tare da madogara ba, hoton da aka sa a sama kuma na jan murjani ne. Ina neman shawararku a kan abu uku: shin in gyara da hannuna ko in mayar musu, wane kuskure ya fi cancanta a fara da shi, kuma ko sunan "baƙin murjani" ya zauna daidai a Hausa.

Hajiya_Lazare:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri a kan wannan aiki. A ganina jimlar farko za a fara gyarawa tun yau, ba tare da jiran ɗalibai ba, domin mafi yawan masu karatu a waya ba su wuce layi biyu ko uku na farko, kuma duk wanda ya karanta cewa tsiro ne ya tafi da kuskure ke nan. Baƙin murjani dabba ce, ƴar dangin halittun nan masu harbi da ake kira Cnidaria. Abin da ido ke gani kamar itace mai rassa taron ƙananan dabbobi ne masu yawa, kowace ba ta wuce ƴan milimita ba, kowace da bakinta da yatsu shida kewaye da shi, dukansu suna zaune a kan ƙashi guda da suka gina tare. Sauran gyare-gyaren za su iya jiran yaran.

Ba'adare_Tawa:
Ina goyon bayan Hajiya, amma zan ƙara da cewa kalmar "baƙi" ita ma tana bukatar bayani tun a jimla ta biyu. Ƙashin ne baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu. Naman da ke lulluɓe da shi yakan zama fari, ja, rawaya, ruwan lemu ko kore, gwargwadon nau'in. Misali mafi kyau shi ne Antipathella fiordensis na yankin Fiyodlan a Niyu Zilan, wanda masu nutso ke gani fari fat yana raye. A can ruwan sama mai yawa yana gangarowa daga daji, ya rine da ganye kamar shayi, ya kwanta a saman ruwan gishiri ya tare haske, shi ya sa ake samun wannan halitta a wuri marar zurfi sosai, alhali galibin ƴan'uwanta suna zaune a zurfin da ya wuce mita 50, har an samu wasu a zurfin da ya haura mita 8,000. Idan ɗalibi ya fahimci wannan, ba zai sake zaɓen hoto don launinsa kawai ba.

MaiFassara227:
Malam, da ka ce wata maƙalar ta kira shi dutse, na gane inda matsalar ta fito. Yaran sun karanta bayani a kan murjanin da ke gina tsaunuka a ruwa marar zurfi, wanda ƙashinsa na sinadarin alli ne, suka ɗauka duk murjani haka yake. Ƙashin baƙin murjani ba alli ba ne. An gina shi da furotin da kitin, wato irin abin da ke cikin ɓawon fara da na ƙaguwa, don haka yana lanƙwasa idan igiyar ruwa ta bugo shi maimakon ya karye. Jikin ƙashin kuma cike yake da ƴan ƙananan ƙayoyi, waɗanda masana ke duba siffarsu da tsarinsu da madubin ƙara girma domin bambanta nau'i da nau'i. Wannan batu na fara zai shiga kan yaranmu da sauri, tun da ba wanda bai taɓa ɓare fara da hannunsa ba.

Amma abin da ya fi damuna shi ne fassarar na'ura. Na duba irin waɗannan maƙaloli da dama, kuma na ga inda kalmar Faransanci "koloni", wadda a ilimin halitta take nufin taron dabbobin da ke zaune a jiki guda, ta koma "mulkin mallaka". Na ga inda matakin rarraba halittu da ake kira "ordre" ya koma "umarni". Mai karatu zai ga Hausa a rubuce, amma babu ma'anar da zai ɗauka. Shawarata ita ce ɗalibi ya karanta sakin layi da Faransanci, ya rufe shi, ya faɗa wa abokinsa abin da ya gane da bakinsa, sannan ya rubuta abin da ya faɗa.

Ɗalibar_Harobanda:
Ina neman izinin iyayena da malamaina in sa baki, domin ni ɗaliba ce kuma na taɓa yin irin wannan aikin. Na rubuta maƙala ta kwana huɗu, washegari na tarar wani edita ya share rabinta, bai bar mini ko kalma ɗaya a shafin tattaunawa ba. Daga baya na gane yana da gaskiya, don na kwafo wasu jimloli kai tsaye, amma a lokacin na yi wata uku ban sake buɗe shafin ba. Ina roƙon Malam, idan zai gyara jimlar farko kamar yadda Hajiya ta ce, ya rubuta dalilinsa a taƙaitaccen bayanin gyara, kuma ya nuna wa yaran tarihin shafin a aji, su ga abin da ya canza da dalilin canza shi.

Hajiya_Lazare:
Ɗiyata, maganarki tana kan hanya, kuma na karɓa. Ban ce a share aikinsu ba. Jimla ɗaya ce ba za ta kwana ba.

Injiniya_Malbaza:
Ni a kan lambobin nan biyu nake so in tsaya, domin a nan ne ake gane maƙalar da za a amince da ita. Duka lambobin suna da asali, sai dai ba abu guda suke nufi ba. Shekaru 4,265 sun fito ne daga binciken da Brendan Roark da abokan aikinsa suka wallafa a 2009, inda suka yi awon kabon 14, wato hanyar gano shekarun abu, a kan wani baƙin murjani na rukunin da ake kira Leiopathes da aka ciro daga zurfin teku a Hawai. Shekaru kimanin 2,000 kuwa na wasu Leiopathes ne da aka auna a mashigin tekun Meziko. Saboda haka bai kamata a rubuta "baƙin murjani yana rayuwa shekaru 4,265" ba, kamar dai kowane ɗaya haka yake. Abin da ya dace shi ne a ce an samu guda ɗaya, a wuri kaza, an auna shi ta hanya kaza, a shekara kaza. Sannan a bayyana cewa shekarun na taron ne gaba ɗaya da ƙashinsa, wanda yake ƙara kauri zobe a kan zobe kamar gindin itace, a wasu lokuta da ƙasa da mikromita 5 a shekara. Silin gashin mutum ɗaya ya ninka wannan sau goma ko fiye. Idan mai karatu ya san haka, zai gane da kansa abin da ake asara idan ragar jirgin kamun kifi mai jan ƙasa ta bi ta kansa sau ɗaya.

Akwai kuma tarko guda a nan. A cikin wannan bincike na 2009 an ba da shekaru 2,742 ga wata halitta dabam da ake kira murjanin zinariya, wadda ba ta cikin Antipatharia. Na sha ganin an haɗa su a maƙala guda.

Ba'adare_Tawa:
Injiniya ya taɓo wurin, bari in ƙarasa. Sunan nau'in ma ya canza. Lokacin da aka yi binciken, ana danganta murjanin na Hawai da Leiopathes glaberrima, wanda asalin bayaninsa daga Bahar Rum ne. A 2015 Daniel Wagner da Dennis Opresko suka bayyana na Hawai a matsayin nau'i mai zaman kansa, suka sa masa Leiopathes annosa. Haka kuma wanda masu nutso ke cirowa a Hawai don yin kayan ado an daɗe ana kiransa Antipathes dichotoma, sunan da wani masani mai suna Pallas ya ba wani na Bahar Rum tun 1766, sai a 2009 aka raba su, na Hawai ya zama Antipathes griggi. Malam, idan cikin ƙananan maƙalolin shida akwai ɗaya daga waɗannan, ina kyautata zaton an cakuɗa bayanin teku biyu a shafi guda. Kafin a taɓa komai, kowane ɗalibi ya duba sunan nau'insa a rajistar halittun teku ta duniya, WoRMS, wadda ake kula da ita a Ostan ta ƙasar Beljiyam, ya ga ko sunan yana nan karɓaɓɓe.

MalaminHalitta_Yamai:
Na duba yanzu, kuma zaton ɗan'uwana na Tawa ya tabbata. Maƙalar Antipathes dichotoma ta ce yana zaune a Bahar Rum, sannan a sakin layi na gaba ta ce jihar Hawai ta ɗauke shi a matsayin dutsen adonta a 1987. Shekarar daidai ce, amma maganar a babbar maƙala ya kamata ta zauna. Ni kaina ban lura da wannan ba a karatun farko.

AlhajiMaiCarbi:
Ku gafarce ni, ni ba ɗan boko ba ne sosai, ɗan kasuwa ne, amma ina da abin faɗa a kan sunan. A wurinmu murjani ja ne. Iyayenmu mata sun san shi a wuya da hannu, kuma idan ka ce wa tsohuwa "baƙin murjani" za ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Amma idan ka ce mata carbin yusur, wanda alhazai ke zuwa da shi, baƙi mai sheƙi da aka yi wa ɗigo-ɗigon azurfa, wataƙila ta tashi ta ɗauko maka na mijinta. Larabawa sun daɗe suna ciro yusur daga Bahar Maliya suna yin carbi da shi. Mahaifina ya bar mini guda, kuma sai a wannan muhawarar na san cewa ƙashin dabba ne. Me zai hana a sa wa maƙalar suna "Yusur", tun da shi ne sunan da mutanenmu suka taɓa ji?

MaiFassara227:
Ranka ya daɗe Alhaji, wannan bayani naka ya fi duk abin da yaran za su samo a shafin Faransanci amfani ga mai karatun Hausa. Sai dai ina ganin yusur sunan kayan da aka sarrafa ne, kamar yadda kirgi yake dabam da saniya. Maƙalar kuwa a kan halittar take, da nau'o'inta fiye da 250 da ke tekunan duniya duka, waɗanda mafi yawansu ba a taɓa yin carbi da su ba. Zan fi son take ya zauna "Baƙin murjani", a ambaci yusur a sakin layi na farko, kuma a yi turawa ta yadda wanda ya nemi "yusur" zai faɗo a kan shafin.

Malama_Bukoki:
Ni ban gamsu da "baƙin murjani" ba, ko da yake na san Larabci da Faransanci duk haka suka kira shi. Sunan yana sa mutum ya ɗauka jan murjani ne da ya canza launi, alhali nesa suke da juna. Jan murjani, Corallium rubrum na Bahar Rum, dabbobinsa yatsu takwas gare su, ƙashinsa kuma na alli ne mai tauri. Wannan kuwa yatsu shida, ƙashi na kitin. Wannan rikicin ne ya sa yaran suka ɗora hoton ja a kan maƙalar. Da za a bi tawa, da an ce "ƙayar teku", saboda ƙayoyin da MaiFassara ya ambata, kuma kunnen Bahaushe zai karɓe shi nan take.

Injiniya_Malbaza:
Malama, sunan yana da daɗi, amma ƙa'idar Wikipedia ba ta yarda edita ya ƙirƙiro suna daga kansa ya ɗora a take ba. Idan wani littafin makaranta ko ƙamus ya fara amfani da shi, sai mu bi. Kafin nan, gara a bar sunan da za a iya kare shi, a sa sakin layi guda mai bayyana bambancinsa da jan murjani kamar yadda kika zayyana.

Malama_Bukoki:
Na ji hujjarka, Injiniya, amma ina tambaya: idan kowa ya jira littafi, kuma masu rubuta littattafan su ma suna duba intanet, wa zai fara? Harsunan da ke da kalmomin kimiyya a yau wani ne ya zauna ya ƙirƙira su. Ban ce a sa a take ba tun da ƙa'ida ta hana, amma ina so a rubuta shawarar a shafin tattaunawa domin kada ta ɓace.

ƊanKatako:
Tambayata dabam ce, kuma da girmamawa nake yin ta. Ƙasarmu ba ta da teku. Akwai itatuwa da tsuntsaye da kifayen kogin Kwara da har yanzu ba su da maƙala ko ta layi biyar da Hausa. Me ya sa za a kashe kiredin yara a kan abin da ba za su taɓa gani ba?

Ba'adare_Tawa:
Ɗan'uwa, ina tare da kai cewa gawo da aduwa da giwan ruwa sun cancanci maƙaloli masu kyau, kuma ina fatan Malam zai ba rukuni na gaba wannan aikin. Amma yaron da ke Tawa yana da haƙƙin ya karanta labarin teku da harshen uwarsa kamar yadda yaron birnin Marsai na Faransa yake karantawa da nasa. Kuma teku ba baƙo ba ne a ƙasarmu kamar yadda ake zato. A duwatsun Adar muna tsintar ɓawon halittun ruwan gishiri da suka zama dutse, saboda kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce teku ya rufe wannan yanki, kuma farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza a gindin wannan tekun ya taru.

Injiniya_Malbaza:
Gaskiya ne, amma ina roƙon kada wannan ya shiga maƙalar baƙin murjani. Abin da ke cikin dutsenmu halittu ne masu ɓawon alli. Ƙashin kitin da furotin yakan ruɓe, da wuya ya zama dutse, kuma idan ɗalibi ya rubuta cewa an taɓa yin baƙin murjani a Adar ba tare da wani bincike ya faɗa ba, mun koma gidan jiya.

AlhajiMaiCarbi:
Ina da wata tambaya ga masana. Wani yaro ya karanta mini maƙalar ɗaliban, na ji an ce an haramta sayar da shi a duniya. Shin carbin da na gada laifi ne in riƙe shi?

Hajiya_Lazare:
Alhaji, hankalinka ya kwanta, kuma ga wani kuskuren da ka tono wa Malam. Tun 1981 baƙin murjani yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, mai tsara cinikin dabbobi da tsirran dawa tsakanin ƙasashe, wadda Nijar take ciki. Jeri na biyu ba haramci ba ne. Ma'anarsa ita ce ba a fitar da shi daga ƙasa zuwa ƙasa don kasuwanci sai da takardar izini, bayan hukumar ƙasar ta tabbatar cewa fitarwar ba za ta cutar da nau'in ba. Abin da ka gada yana hannunka a gida ba shi ne abin da ake magana a kai ba. A maƙalar ya kamata a rubuta "an taƙaita cinikinsa", a bayyana yadda aka taƙaita. Zan ƙara da cewa ba duk baƙin carbi ne yusur ba, domin ana yin masu kama da shi da ƙaho, da baƙin itace, da roba, kuma jimla ɗaya a kan haka za ta amfani mai saye.

Ɗalibar_Harobanda:
Na karanta babbar maƙalar duka. Akwai dogon sakin layi a kan yadda zafin ruwa ke sa murjani ya yi fari saboda ya kori ƙwayoyin gansakukar da ke ciyar da shi. Ina ganin daga maƙalar murjanin tsaunuka aka ɗauko shi. Baƙin murjani abincinsa ƙananan halittun da igiyar ruwa ke kawowa ne, yana kama su da yatsunsa, shi ya sa yake iya zama inda haske ba ya kaiwa. Na kuma ga cewa a 2011 an wallafa binciken da ya samu ƴan ƙwayoyin gansakuka kaɗan a jikin wasu na Hawai, don haka kada a rubuta "ba shi da su sam", a ce bai dogara da su ba. Game da hoto, hukumar NOAA ta Amurka, mai nazarin teku da yanayi, tana da hotunan da jiragen nutso suka ɗauka, kuma da yawa suna rumbun hotuna na Wikimedia Commons ba tare da matsalar haƙƙin mallaka ba. Zan iya zuwa ranar Asabar in nuna wa ƙannena yadda ake sa su da bayanin wurin da zurfin.

MaiFassara227:
Kafin Asabar ɗin, a daidaita kalmomin matakai, domin a maƙala ɗaya an kira Leiopathes jinsi, a wata an kira shi iyali, a ta uku nau'i. Ina ba da shawarar nau'i ga matakin ƙarshe, jinsi ga na samansa, dangi ga wanda ya tara jinsuna. Haka nan ma'anar sunan ta shiga: Antipathes daga Girkanci ne, ma'anarsa abin da ke kare cuta, saboda mutanen da sun riƙa rataya shi kamar laya. A rubuta shi a matsayin abin da aka yi imani da shi, kada ya zo kamar maganin da aka gwada.

Malama_Bukoki:
A littattafan da na koyar da su, jinsi ne ake ba matakin ƙarshe. Idan muka juya shi a nan, ɗalibin da ya karanta duka biyun zai rikice.

MalaminHalitta_Yamai:
Na gode muku duka. Na gyara jimla biyu na farko, na cire hoton ja, na rubuta dalili a bayanin gyara kamar yadda ɗiyarmu ta Harobanda ta roƙa. Sauran na bar wa yaran: sunayen nau'o'i, lambobin shekaru da madogararsu, batun CITES, da sakin layin gansakuka. Uku daga ƙananan maƙalolin layi huɗu-huɗu ne kawai, kuma ina tunanin a haɗe su cikin maƙalar jinsinsu, ko da yake na san waɗanda suka rubuta su ba za su ji daɗi ba. Batun nau'i da jinsi na buɗe masa wuri a shafin tattaunawa, tare da shawarar "ƙayar teku", kuma ina roƙon Malama da MaiFassara su kai hujjojinsu can. Alhaji, idan ba za ka damu ba, ina so ka zo da carbin ranar Asabar yaran su riƙe shi a hannu, mu kuma ɗauki hotonsa don sashen amfani.

AlhajiMaiCarbi:
Zan zo da shi bayan azahar in Allah ya yarda. Amma tun da Hajiya ta ce akwai na ƙaho da na itace, ina so a fara samun wanda zai duba ya tabbatar yusur ne na gaske kafin a sa hotonsa a maƙalar. Akwai wani tsohon maƙerin azurfa da na sani wanda ya daɗe yana gyaran irinsu, zan bi ta wurinsa gobe da safe in ji abin da zai ce.